Yadda Ake Zaɓen Kyamarar Zafi Don Duba Lafiyar Gida

Wata rana da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, wani dattijo ya nemi in raka shi duba gidan bene da yake shirin saya. Gida ya sha sabon fenti, silin ɗin POP fari fat, ko ɗigon tabo babu. Dillali na gaba yana buɗe ƙofofi, muna biye da shi. Da muka shiga ɗakin da ke ƙarƙashin banɗakin sama na ɗaga kyamara, sai ga wani duhu a allo, faɗinsa kamar faifai, can a kusurwar silin. Da ido kuwa babu abin da za ka gani. Na hau tsani na manna ma'aunin laima a wurin, ya nuna jiƙe yake sharkaf. Na sauko na ce, "Baba, akwai yoyo daga banɗakin sama, fenti ne ya rufe shi." Ya karɓi kyamarar ya ƙura wa allon ido, can ya ce, "Ikon Allah! Ɗana, wato har cikin siminti take gani?"

Na ce masa a'a, Baba, ba ta ganin cikin siminti, ba ta ma ganin ruwa. Zafin fatar abu kawai take gani. Wurin da ya jiƙe yana fitar da tururi a hankali, wannan ke sa ya ɗan fi kewayensa sanyi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Wannan ɗan bambancin ne ya fito a allo. Duk wanda zai sayi kyamarar zafi ya riƙe wannan magana da kyau, domin a kanta aka ɗora duk wani zaɓi da zai biyo baya.

Kowane abu yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira infirared, kuma gwargwadon zafin abu gwargwadon yawan hasken. William Herschel ne ya gano shi a shekarar 1800. Kyamarorin da muke aiki da su suna kama wanda tsawon zangonsa ke tsakanin maikuromita 8 zuwa 14 (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita). Gilashi ba ya barin irin wannan haske ya wuce, shi ya sa ake yin idon kyamarar da wani ma'adini mai suna jamaniyam ko makamancinsa, kuma yana cikin abubuwan da ke sa ta tsada. Idan ka haska ta a gilashin taga ba za ka ga wanda ke waje ba, inuwarka za ka gani.

Mataki na farko: wane aiki za ka sa ta?

Yawancin bayanan da za ka ci karo da su a intanet an rubuta su ne domin gidajen Amurka da Turai, gidajen katako masu audugar tare sanyi a cikin bango, inda ake dumama ɗaki a lokacin ƙanƙara. Babban abin da suke nema shi ne inda ɗumi ke tserewa. Mu kuwa bulo ne da siminti, rufin kwano ko dekin, wani wurin ma ginin ƙasa da azara. Damuwarmu daban ce. Akwai laima: yoyon rufi, bututun da ya fashe cikin bango, ruwan da ke hawowa daga tushen gini. Akwai wuta: haɗin waya da ya saki, bireka da ke ɗaukar lodin da ya fi ƙarfinta, akwatin canjin wuta tsakanin layin gari da janareto. Akwai sola da inbata da batir, waɗanda yanzu suka shiga gidaje da yawa. Sai kuma ɗakin da iyakwandishan ke aiki dare da rana amma ya ƙi sanyi.

Waɗannan ayyuka ba ƙarfinsu ɗaya ba. Matsalar wuta ihu take yi. Haɗin da ya saki yakan fi maƙwabcinsa zafi da digiri masu yawa, kusan kowace kyamara za ta nuna shi. Laima kuwa raɗa take yi, sau da yawa bambancin bai kai digiri ɗaya ba. Saboda haka idan kai mai wayarin ne, akwatin fis da soket kawai za ka riƙa dubawa daga kusa, ƙaramar kyamara za ta fisshe ka. Idan kuwa gida gaba ɗaya za ka duba, har ka ce wa mutum ya sayi gida ko ya fasa, to da ma'aunin laima za ka auna kyamarar da za ka saya. Wadda ta iya jin raɗa ba za ta kasa jin ihu ba.

Mataki na biyu: ƙirga ɗigon sensa, kada allo ya ruɗe ka

A cikin kyamarar akwai sensa mai ɗauke da ƙananan ɗigo, kowane ɗigo ma'aunin zafi ne mai zaman kansa. Yawansu shi ne abu na farko da za ka tambaya. Mai 80×60 tana da ɗigo 4,800. Mai 160×120 tana da 19,200. Mai 256×192 tana da 49,152, mai 320×240 tana da 76,800, sannan mai 640×480 tana da 307,200.

Lambobin ba za su yi maka ma'ana ba sai ka kai su jikin bango. A ce ka tsaya a inda bango mai faɗin mita 4 ya cika allo daga gefe zuwa gefe. A kyamara mai ɗigo 80 a kwance, kowane ɗigo ya rufe santimita 5 na bangon. A mai 160, santimita 2.5. A mai 256, kusan 1.6. A mai 320, santimita 1.25. Sannan ɗigo ɗaya ba ya isa a amince da awonsa. Abin da masu sana'ar ke bi shi ne abin da kake aunawa ya cika aƙalla ɗigo 3 a tsaye, 3 a kwance. Ke nan mai 80×60 daga wannan nisa ba za ta auna maka abin da bai kai santimita 15 ba daidai. Siririn layin laima da ke bin bututu zai narke cikin sauran bango, ka wuce shi ka ce lafiya lau. Za ka iya matsawa kusa, gaskiya ne, amma silin mai tsawo da fanel ɗin sola a kan rufi ba kullum suke ba ka damar matsawa ba.

Ƙungiyar RESNET ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin auna makamashin gidaje, ta ajiye 120×120 a matsayin mafi ƙarancin abin da za a yi aikin duba gini da shi. Ni a ganina wanda zai karɓi kuɗin mutane kada ya sauko ƙasa da 160×120, kuma tunda farashin masu 256×192 ya sauko sosai a 'yan shekarun nan, can ya kamata ya dosa. Mai 320×240 ta fi, idan aljihu ya yarda. Mai 640×480 ta masu manyan masana'antu da dogayen benaye ce, gida ba ya bukatarta.

A nan ne ake yi wa mutane da yawa sakiyar da ba ruwa. Za ka ga an buga 320×240 da manyan baƙaƙe a jikin kwali, ashe girman allon kallo ne, sensa ɗin kuwa 32×24 ne ko 32×32. Wasu kuma suna faɗaɗa hoton da manhaja, su mayar da 96×96 ya koma 240×240, ko 256×192 ya koma 512×384. Hoton yana yin santsi a ido, amma ma'aunan da ke ciki ba su ƙaru ba. Ka nemi takardar bayanin kyamarar a shafin kamfanin da ya ƙera ta, ka duba layin da ke maganar sensa ɗin IR, wato infirared, kansa. Idan mai sayarwa ya kasa nuna maka wannan lamba, ka bar masa kayansa.

Mataki na uku: NETD, wato kaifin jin kyamara

Lamba ta biyu ita ce wadda ake rubutawa da NETD, ana auna ta da mK, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na digiri. Tana nuna ƙaramin bambancin zafin da kyamara za ta iya rarrabewa kafin ya ɓace cikin yayyafin hoto. A nan ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Mai 50 mK tana rarrabe digiri 0.05, mai 100 mK sai bambanci ya kai 0.1. Don aikin laima ka nemi 50 mK ko ƙasa da haka. Mai 70 mK za ta yi aiki, amma za ka ji a jikinka ranar da yanayi bai taimaka ba.

Ga dalilin da ya sa nake nanata wannan. A hunturu iska a bushe take ƙayau, wuri mai laima yana fitar da tururi da ƙarfi, sai ya yi sanyi sosai, ya fito ɓaro-ɓaro a allo. A tsakiyar damina kuwa, watan Agusta, iska kanta cike take da danshi, ruwan da ke bango ba ya samun hanyar tashi, bambancin sai ya ragu har ya kusa ɓacewa. Kuma a daidai lokacin ne masu gida suka fi kiran ka, domin lokacin ne rufi ke zuba. Kyamara mai kaifin ji a nan take biyan kuɗinta.

Kada ka haɗa NETD da daidaiton awo. Yawancin kyamarori suna iya kuskuren digiri 2 sama ko ƙasa, ko kashi 2 cikin 100 na abin da suka auna, wasu ƙanana har digiri 3. Wannan ba ya hana aikin gida, domin mu kwatance muke yi: wannan wuri da na kusa da shi, wannan waya da 'yar'uwarta. Sannan kamfanoni ba lallai a yanayi ɗaya suke auna NETD ɗinsu ba, don haka lambar kwali jagora ce kawai, gwajin ido na nan tafe.

Mataki na huɗu: faɗin gani da fokas

Ɗakunanmu ba su cika girma ba, banɗaki da kicin ma ba a magana. Kana bukatar ido mai faɗin gani, mai kusurwar gani tsakanin digiri 40 zuwa 55 a kwance, domin ka ɗauki bango guda ba sai ka fita waje ba. Mai ƙunci, kamar digiri 25, ta fi dacewa da mai hango abu daga nesa.

Ƙananan kyamarori fokas ɗinsu a kafe yake, daga kusan rabin mita zuwa gaba komai na fitowa daidai gwargwado. Ya isa aikin cikin gida. Mai fokas na hannu ta fi kaifi, musamman ga mai yawan aikin rufi da sola, sai dai tana son haƙuri. Hoton da fokas ɗinsa ya kauce awonsa ma ya kauce, kuma babu manhajar da za ta gyara shi daga baya.

Mataki na biyar: ta waya, ta aljihu, ko mai mariƙi

Mafi araha su ne waɗanda ake soka wa a gindin waya. Akwai Topdon TC001 da InfiRay P2 Pro, duka 256×192, akwai FLIR One Pro mai 160×120, da Seek CompactPRO mai 320×240. Masu 256×192 ɗin akan same su tsakanin dala 200 zuwa 350 a kasuwannin waje, kafin kuɗin dako da na kwastan. Hotonsu yana da kyau ƙwarai idan aka duba kuɗinsu. Amma suna shan cajin waya, bakin caji yana iya sakewa da yawan sokawa da zarewa, kuma idan kira ya shigo kana kan tsani aiki ya tsaya. Kafin ka saya ka tabbatar bakin ya dace da wayarka: akwai na USB-C, akwai na tsofaffin iPhone, domin sai daga iPhone 15 a 2023 Apple ya koma USB-C. A wayar Android kuma sai tana karɓar OTG, wato damar waya ta yi aiki da na'urar da aka soka mata, wasu ma sai ka shiga saiti ka kunna shi. Ga maigidan da ke son lura da gidansa, ko matashin da ke fara sana'a, wannan ƙofa ce mai kyau.

Sai na aljihu, masu kama da ƙaramar waya, irin FLIR C5 mai 160×120 da Hikmicro Pocket2 mai 256×192. Suna da batir da allonsu, ba ruwansu da wayarka.

Sai masu mariƙi da kunama, waɗanda ake riƙewa da hannu ɗaya: UNI-T UTi260B da Hikmicro B20, duka 256×192, sannan a sama akwai FLIR E8 da Testo 872 masu 320×240, waɗanda kuɗinsu ya haura dala 2,000. Wanda zai wuni yana shiga gidaje, wannan siffa ce ta fi masa. Hannu ɗaya na riƙe da tsani, ɗaya na riƙe da kyamara, batir na kai ka awanni. Ka duba ko an rubuta IP54, wato tana jure ƙura da fantsamar ruwa, sannan ka duba ko tana jure faɗuwa daga mita 2. A ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwati a kulle, wannan ba ado ba ne.

Za ka ga wasu an rubuta 9 Hz, wasu 25 Hz. Yawan hotunan da take sabuntawa ne a daƙiƙa guda. Dokar fitar da kaya ta Amurka ce ta sa kyamarori da yawa suke tsayawa a 9 Hz ko ƙasa kaɗan. Mai 25 ta fi daɗin kallo idan kana zagaya ɗaki, amma bango ba gudu yake yi ba, kada wannan ya zama abin da zai yanke maka hukunci. Haka ma maganar iya auna digiri 550. Daga 20 ƙasa da sifili zuwa 150 ya ishi duk abin da ke cikin gida.

Mataki na shida: abubuwa huɗu da ba na yarda a rasa

Na farko, damar kulle ma'aunin launi da hannu. Kyamara idan aka bar ta da kanta, tana raba launukanta ne tsakanin abu mafi zafi da mafi sanyi da take gani. Ƙwan lantarki ɗaya ya shigo cikin hoto, sai duk launukan su tafi wajensa, silin gaba ɗaya ya koma launi guda, laimar ta ɓace. Idan za ka iya kulle ma'aunin, misali tsakanin digiri 28 da 32, sai kowane ɗan bambanci ya fito. Ban san wani abu da ya kai wannan amfani a aikin laima ba, kuma shi ne mutane suka fi mantawa su tambaya.

Na biyu, hoton da ke ajiye awon kowane ɗigo a cikinsa, wanda ake kira rediyometirik. Da irinsa za ka koma gida ka buɗe a kwamfuta, ka sauya launi, ka auna wurin da ba ka lura da shi ba a can. Manyan kamfanonin duk suna da manhajar yin haka, irin su FLIR Thermal Studio da Testo IRSoft da Hikmicro Analyzer. Ka tambaya ko kyauta ce, ko sai da biyan kuɗin shekara.

Na uku, kyamarar hoto ta yau da kullum a jikinta. Hoton zafi shi kaɗai, bayan kwana biyu kai kanka ba za ka tuna wane ɗaki ba ne. FLIR na ɗora zanen gefen abubuwa a kan hoton zafi, suna kiransa MSX, Fluke na da nasu mai suna IR-Fusion. Yana taimaka wa mai gida ya gane abin da kake nuna masa, amma bai ƙara wa sensa ɗigo ko ɗaya ba.

Na huɗu, damar sauya emisibiti, wanda ake nunawa da alamar ε. Ma'auni ne na yadda abu ke fitar da zafinsa, daga 0 zuwa 1. Fenti, filasta, bulo, katako da roba duk suna wajen 0.90 zuwa 0.95, su ba su da matsala. Ƙarfe mai sheƙi kuwa, irin sabon alminiyam ko gogaggen jan ƙarfe, yana ƙasa da 0.1. Shi madubi ne a wurin kyamara, zafin abin da ke gabansa yake nuna maka. Tayil mai santsi ma yana ɗan yin haka. A farkon fara aikina na taɓa ganin wani ɗumi a bangon banɗaki, na kusa cewa bututun ruwan zafi ne ke yoyo. Da na gusa gefe sai ɗumin ya bi ni, ashe zafin jikina ne tayil ke dawo mini da shi. Tun daga ranar duk abin da na gani sai na sauya matsayi na sake dubawa: idan ya motsa, inuwa ce. Idan dole sai ka auna ƙarfe mai sheƙi, ka manna masa baƙin salatif ɗin wuta lokacin da babu wuta a jikinsa, ka sa ε a 0.95, ka auna kan salatif ɗin.

Mataki na bakwai: gwada kafin ka biya

Gani ya kori ji. Kunna ta, ka ba ta 'yan mintuna ta daidaita. Za ka riƙa jin ƙas-ƙas lokaci-lokaci, hoto ya ɗan tsaya. Ba lalacewa ba ce, wani ɗan marfi ne a ciki ke rufewa domin sensa ya gyara awonsa.

Ɗora tafin hannunka a bango na daƙiƙa 5, ka ɗauke, ka haska. Kyamara mai kyau za ta nuna yatsu biyar rarrabe, kuma sawun zai jima kafin ya ɓace. Idan akwai kyamara biyu a gabanka, ka gwada su a sawu ɗaya, wadda ta fi daɗewa tana ganinsa ita ce mai kaifin ji, ko me kwali ya ce. Sannan ka shafa ɗan ruwan da ya kwana a ɗakin a jikin bulo ko kwali, ka ja da baya mita 3, ka ga ko za ta nuna. Wannan shi ne ainihin aikin da za ka saye ta domin shi.

Haska ta a bango mai launi ɗaya ka duba ko akwai ɗigon da ya kafe, fari ko baƙi, wanda ba ya motsi ko ka juya kyamara. Don awo kuma, cika kofi da ƙanƙara da ɗan ruwa, ka gauraya, ka auna: ya kamata ta nuna kusa da sifili. Ɗauki hoto ka tura waya ko kwamfuta a gaban mai shagon. Ka tambayi garanti, da kuma inda za a kai ta idan ta samu matsala, domin gyaran irin wannan kaya ba a kowane gari ake yi ba. Wadda aka riga aka yi amfani da ita kuwa, ka karkata idonta a haske ka duba ƙarzuwa, ka tambayi lafiyar batir.

Mataki na takwas: kayan rakiya da sanin lokaci

Kada ka kashe duk kuɗinka a kyamara. Ware na ma'aunin laima, da na mitar auna lodi mai baki kamar ƙaguwa, da tocila mai haske. Wuri mai sanyi a silin zai iya zama ruwa, zai iya zama iskar iyakwandishan ce ke bugunsa, ko inuwar bishiya a kan rufi. Kyamara nuni take yi, ma'aunin laima ke ba da shaida. Waya mai ɗumi ma za ta iya zama lafiyayya da ke ɗauke da lodi mai yawa, mita ce za ta raba gardama.

Sai lokaci. Inda babu bambancin zafi, kyamarar miliyoyi ma ba za ta nuna komai ba. Ƙa'idar ASTM C1060 ta duba bangon gini tana neman bambancin digiri 10 tsakanin ciki da waje na awanni kafin a fara. A wurinmu bazara ce ke ba da wannan cikin sauƙi: a kunna iyakwandishan, a rufe ƙofofi da tagogi na 'yan awanni, sai ka ga inda zafi ke kwararowa ta silin, ta gefen taga, ta ƙarƙashin ƙofa.

Dekin kuma da dare ake duba shi, bayan wuni mai rana. Simintin da ya sha ruwa yana riƙe zafi fiye da busasshe, don haka bayan magariba wurin da ke da laima zai fito da ɗumi, saɓanin yadda yake fitowa da sanyi a cikin ɗaki. Filasta ko tayil ɗin waje da ya rabu da bango, da safe ake kama shi lokacin da rana ta fara bugunsa, domin ya fi sauran saurin ɗaukar zafi. Idan kana neman hanyar da bututu ya bi cikin bango, ga wata dabara da yanayinmu ya ba mu kyauta: da la'asar ruwan tankin sama ya riga ya yi zafi, a buɗe famfo na wasu mintuna, layin bututun zai iya bayyana a jikin filasta idan ba a binne shi da zurfi ba.

Wajen wuta, sai da lodi. Akwatin da ba a jan komai a kansa sanyi ƙalau zai nuna ko da haɗinsa ya saki. A kunna abin da aka saba kunnawa, famfon tura ruwa, hita, dutsen guga, iyakwandishan, a ba su ɗan lokaci. Kyamara ba ta gani ta cikin murfin ƙarfe, sai an buɗe, kuma buɗe akwati da wuta a ciki aikin wanda ya san wuta ne kaɗai. Ka kwatanta abubuwa iri ɗaya masu lodi iri ɗaya. Jadawalin NETA, ƙungiyar masu gwajin kayan wuta ta Amurka, ya ce bambancin digiri 1 zuwa 3 abin a bincika ne, 4 zuwa 15 a gyara da zarar an samu dama, sama da 15 kuwa a gyara nan take. Ka tuna wayar da ke da rigar PVC ta gama-gari digiri 70 ne iyakarta. Zafin da ya taru a bakin noti ya riƙa raguwa yayin da kake bin waya, haɗi ne ya saki. Wanda ya bi waya tun daga farko har ƙarshe, lodi ne ya yi yawa ko wayar ta yi ƙanƙanta. Akwatin canjin wuta da kawunan batir na inbata, kada ka fita gida ba ka haska su ba.

Fanel ɗin sola ana duba shi ne da rana tsaka yana cikin aiki. Ƙa'idar IEC 62446-3 tana neman hasken rana ya kai wat 600 a kowace murabba'in mita, abin da ba ya mana wuya idan gari ya washe. Ka tsaya a ɗan karkace domin kada gilashin ya dawo maka da inuwarka ko ta rana. Idan ɗaya daga cikin ƙananan gidajen da ke jikin fanel ya fi sauran zafi, sau da yawa kashin tsuntsu ne ko ƙura ko inuwa, a wanke a sake dubawa kafin a ce fanel ya lalace.

Kafin ka shiga cikin gida da ita, ka yi wa maigida bayani, ka haska hannunka da bango ya gani da idonsa, domin mutane da yawa suna zaton tana leƙa bayan bango. A sanar da matan gida kamar yadda aka saba, kuma kada ka haska ta a kan kowa. A kowane hoto da za ka miƙa a rahoto ka rubuta ɗaki, da lokaci, da yanayin gari, da abin da ma'aunin laima ko mita ya nuna, ka ajiye hoton ido kusa da na zafi.

Ita kanta kyamarar, kada ka taɓa fuskantar da idonta ga rana kai tsaye ko ga wutar walda, sensa na iya samun tabon da ba ya fita. Yawancinsu digiri 50 ne iyakar zafin da aka yarda su yi aiki a ciki, kuma motar da aka kulle a rana a watan Afrilu tana wuce haka, don haka ba a barin ta a mota. Idan ƙura ta hau idon, ka fara hure ta da 'yar robar hura iska, sannan ka shafa a hankali da ƙyallen goge tabarau. Bakin riga yana cinye rufin da ke kan jamaniyam, kuma sauya ido a ƙaramar kyamara kusan kuɗin sabuwa ne.